Daga Littafi Zuwa Fim: Tarihin Ƙagaggun Labaran Kimiyya da Rabon Hausa a Cikinsa

Ƙagaggen labarin kimiyya shi ne wanda marubuci ke gina abin mamakinsa a kan ilimi da ƙere-ƙere: tafiya sararin samaniya, mutum-mutumi mai tunani, halittun wasu duniyoyi, ko rayuwar zamanin da bai zo ba. Abin da ya raba shi da tatsuniya shi ne, a tatsuniya aljani ko tsafi ke yin aikin, a nan kuwa na'ura ce.

Mayar da irin waɗannan littattafai fim ya kusa zama sa'an sinima kanta. A 1902 Bafaranshe Georges Méliès ya shirya gajeren fim kan tafiya duniyar wata, inda ya ɗebo daga littafin Jules Verne na 1865 da na H. G. Wells na 1901. A 1968 Stanley Kubrick da marubuci Arthur C. Clarke suka fitar da fim da littafin 2001: A Space Odyssey a shekara guda. Blade Runner na 1982 ya fito ne daga littafin Philip K. Dick, Jurassic Park na 1993 kuma daga na Michael Crichton. Wanda ya fi nuna wuyar sana'ar shi ne Dune na Frank Herbert, wanda aka buga a 1965. Fim ɗin da David Lynch ya yi a 1984 bai mayar da kuɗinsa a sinima ba, sai da Denis Villeneuve ya raba labarin gida biyu, a 2021 da 2024, sannan ya karɓu. Marubuci na iya gina birni a sama da jimla ɗaya, amma mai shirya fim sai ya biya kuɗin duk abin da ido zai gani.

A Hausa, littafin da masana adabi suka fi ambata a wannan fanni shi ne Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga a 1969, shekarar da ɗan Adam ya fara taka duniyar wata. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sararin samaniya mai suna Kolin Koliyo ya ɗauka suka shiga yawon ganin al'ajabi. Kafin nan ma mai karatun Hausa ya saba da tafiye-tafiyen mamaki, tun daga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933. Abin da Dembo ya ƙara shi ne ɗauke al'ajabin daga ƙasar aljanu ya kai shi cikin taurari, kuma wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne a lokacinsa.

Hanyar da ta haɗa littafin Hausa da fim ma tsohuwa ce. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa fim. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe kasuwar bidiyo a Kano a 1990, marubuta da kansu suka shigo harkar. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, aka kuma yi Alhaki Kwikwiyo daga littafin Balaraba Ramat Yakubu a 1998. Duk wanda ya duba jerin zai ga cewa soyayya da zaman aure da kishi ne suka samu shiga, shi kuwa littafin Dembo an fi saninsa a takarda. Dalilin a fili yake. Labarin gida yana buƙatar tsakar gida da falo da 'yan wasa kaɗan, kuma 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai a Kano sun san zai fita. Kumbo kuwa sai an ƙera shi, ko a zana shi a kwamfuta har ido ya yarda.

A wajen Kano kuwa, garuruwa irin na arewa maso yammacin Jigawa sun shiga wannan tarihi ne ta ƙofar kallo. Kazaure, Roni, Gwiwa da Ɓaɓura duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 1991, kuma kasuwarsu ta littafi da ta fim ba ta rabu da Kano ba. Ta hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Kazaure, kaset da faifai suka riƙa isowa, kafin masu tura fina-finai a waya su karɓe cinikin. A shagunansu ne matasa da yawa ke haɗuwa da labarin mutum-mutumi da baƙin sararin samaniya, galibi a fina-finan Indiya da na Amurka da aka ɗora wa muryar Hausa. Ke nan masu kallon suna nan, labarin ne ba nasu ba.

Abin da ya sauya a yanzu shi ne tsadar kayan aiki. Zanen da a da sai babban kamfani ke iya yi, yau kwamfuta ɗaya tana ɗaukar kaso mai yawa nasa, kuma Kazaure tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya mai sunan Hussaini Adamu, da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta ta jiha. A kudancin Najeriya an riga an gwada: a 2018 C. J. Obasi ya yi gajeren fim mai suna Hello, Rain daga wani gajeren labarin Nnedi Okorafor. Gajeren fim irin wannan shi ne matakin da ya fi dacewa da aljihun masu shirya fim na Hausa, kuma babi ɗaya daga tafiyar Kilba ya isa a fara da shi, muddin an nemi izinin masu haƙƙin littafin.