Tashe da Dusashewar Rediyon Intanet: Waiwaye a Kan Tashar B92

Masu iya magana kan ce zamani riga ne. A wannan taƙaitaccen nazari za mu waiwayi wata riga da 'yan jarida suka taɓa sanyawa domin tsere wa takunkumin masu mulki, wato rediyon intanet, mu ga yadda ta yi tashe da yadda ta koɗe.

A shekarar 1995 wani kamfani a Amurka ya fito da manhajar RealAudio, wadda ta ba mai kwamfuta damar sauraron murya ta layin tarho ba tare da dogon jira ba. Ba a daɗe ba siyasa ta gwada ƙarfin wannan fasaha a Belgired, babban birnin Sabiya. A watan Nuwamba 1996 gwamnatin Slobodan Milosevic ta soke zaɓen ƙananan hukumomin da 'yan adawa suka lashe, jama'a suka fantsama kan tituna. Tashar B92, wadda aka kafa a 1989, ta riƙa ba da labarin zanga-zangar, sai aka rufe ta ran 3 ga Disamba. Ma'aikatanta suka tura labaransu ta intanet da taimakon kamfanin XS4ALL na Holan, Muryar Amurka kuma ta ɗauka ta mayar da su cikin Sabiya ta akwatin rediyo. Bayan kwana biyu gwamnati ta janye takunkumin.

Abin lura a nan shi ne, 'yan ƙalilan ne ke da intanet a Sabiya a lokacin. Intanet gada ce kawai da ta tsallakar da murya. Tsohuwar rediyo ce ta kai ta kunnen talaka.

A Afrilu 1999, ana tsakiyar ruwan bama-baman NATO, gwamnati ta ƙwace tashar, amma ma'aikatanta suka ci gaba a intanet, suka kuma ga faɗuwar Milosevic a Oktoba 2000. Sai dai abin da kama-karya ta kasa, kasuwa ta yi shi cikin ruwan sanyi. Sababbin kafafe irin su YouTube da Facebook suka janye masu sauraro, aka sayar da tashar, kuma a 2015 aka sauya mata suna zuwa Play Radio, kiɗa ya maye gurbin labarai.

Daga ƙarshe, muna iya cewa mai hana magana ba kullum yake zuwa da bindiga ba. Wani lokaci da jakar kuɗi yake sallama, a yi masa shimfiɗa.