Daga Sandar Dogari Zuwa Tarar Naira Dubu Biyu: Tarihin Tilasta Karatu a Sakkwato

Ranar 30 ga Satumba, 1999, wata huɗu da komawar mulki hannun farar hula, Shugaba Olusegun Obasanjo ya sauka Sakkwato ya ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko na bai-ɗaya, wanda aka fi sani da UBE. Ba shi ne ya fara ɗaukar irin wannan alkawari a birnin ba. A Sakkwato ɗin ne Janar Yakubu Gowon ya shelanta, cikin Janairun 1974, cewa gwamnatin tarayya za ta ba kowane yaro ilimin firamare kyauta. Sau biyu ke nan ana zaɓen birnin Shehu don a faɗa wa Nijeriya cewa kowane yaro zai shiga aji. Duk da haka, wanda ya ratsa Tsohuwar Kasuwa da hantsin ranar karatu zai tarar da 'yan mata ɗauke da farantan talla, da yara maza riƙe da robar bara, a daidai lokacin da doka ta ce suna gaban allo. Wa ke da laifi idan yaro bai je makaranta ba, wa kuma ke da hurumin tuhumarsa? Amsar ta sauya sau da yawa cikin shekaru ɗari biyu.

A zamanin masu jihadi nauyin yana wuyan mai gida ne, kuma nauyi ne na addini. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara ɗalibai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta mayar da wannan koyarwa aiki ta hanyar 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka. Sai dai daular ba ta da rajistar yara, ba ta da ma'aikacin da ke bin gida-gida yana ƙidayar wanda ya yi fashi. Uba ne ke kai ɗansa ya danƙa wa malam. In yaro ya tsere, malam ya tura manyan almajirai su kamo shi, wanda ya gagara kuma a wasu wurare a sa masa mari. Abin da ke tsare uba shi ne tsoron Allah da kunyar unguwa.

Tilas ta hukuma ta zo ne tare da Turawa. Sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903, kuma a wajajen 1905 Razdan Burdon ya buɗe wata 'yar makaranta domin 'ya'yan sarakuna. Jama'ar da ba su daɗe da ganin abin da ya sami Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ba, sannan suka ga yadda aka shafe Satiru a 1906, ba su da dalilin miƙa 'ya'yansu ga Nasara da hannu biyu. Da makarantun En'e suka fara yaɗuwa, sai aka bi hanyar da ake bi wajen haraji da aikin tilas. Umarni ya taso daga sama cewa ƙasa kaza ta kawo yara kaza, uban ƙasa ya raba adadin ga masu garuruwa da masu unguwanni, dogari ya je ya taho da su. Mai hali ya ɓoye ɗansa ko ya yi toshi a tsallake gidansa. Wasu masu sarauta suka riƙa tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu, abin da aka gani har a ƙasar Faransa, ƙetaren iyaka. Dattawa sun sha ba da labarin yadda yaron da aka kai boko don a ƙuntata wa ubansa ya dawo ya zama babban ma'aikaci, ɗan gatan da aka ɓoye a rumbu kuwa ya ƙare yana neman alfarma wurinsa.

Wannan tsari yana da wata siffa da ake yawan mantawa. Tilas ɗin ta shafi yara ƙalilan ne, waɗanda sunansu ya shiga littafi. Da zarar an rubuta yaro, fashinsa ya zama matsalar mai unguwa, domin shi uban ƙasa zai tuhuma, shi kuma ya sauke fushinsa kan mahaifin yaron. Akwai 'yan doka, akwai kotun alƙali, akwai gidan yari, duk a hannun En'e. Saboda haka gudun makaranta yana da sakamako na nan take, musamman da damina, lokacin da iyaye ke janye yara zuwa gona. Sauran yaran lardin kuwa, waɗanda su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, babu mai neman su, don ko sun zo babu ajin da za a sa su. Masanin tarihi Peter Tibenderana, wanda ya yi nazarin Lardin Sakkwato a ƙarƙashin mulkin Ingila, ya nuna cewa ɗora laifin jinkirin boko kan sarakuna kaɗai bai yi wa tarihi adalci ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta taƙaita yawan makarantu, saboda ƙyashin kashe kuɗi da kuma tsoron haifar da 'yan boko masu tayar da ƙayar baya kamar na Kudu. Daga wannan ƙunƙuntar ƙofa Ahmadu Bello na Rabah ya bi ta makarantar lardi ta Sakkwato ya wuce Kwalejin Katsina, daga baya Shehu Shagari ya bi ta Yabo da Midil ta Sakkwato. 'Ya'ya mata ba a waiwaye su ba sai cikin shekarun 1930, aka kuma buɗe cibiyar horar da malamai mata a birnin a 1939.

Abin ban sha'awa, Turawan sun san yadda ake yin tilas ta gama-gari, don a gida sun yi. Dokar ilimi ta Ingila ta 1870 ta ba hukumomin makarantu na yankuna ikon kafa ƙananan dokokin halarta, tare da tarar da ba ta wuce sule biyar ba. A 1880 aka wajabta karatu a kan duk yaro daga shekara biyar zuwa goma, a 1891 aka kawar da yawancin kuɗin makaranta. Ƙashin bayan tsarin shi ne jami'in halarta, mutumin da ke yawo da littafi a lungunan talakawa, ya san gidan da aka haihu, ya san yaron da ya isa shiga aji. Wannan ma'aikaci ne ba a taɓa kawo wa Sakkwato ba, aka bar mai unguwa ya tsaya a gurbinsa.

Shirin da Gowon ya shelanta ya fara aiki a Satumban 1976, a ƙarƙashin Obasanjo yana soja. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a faɗin ƙasa, kimanin miliyan 3 suka bayyana. An tsara cewa karatun zai zama dole daga 1979, amma ba a kai ga hakan ba, don kuɗin mai ya ja baya, azuzuwa suka cika maƙil, malamai suka yi ƙaranci. A wannan shekara ta 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen En'e, bayan tun farkon mulkin soja an riga an karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna. Ma'ana, a shekarar da aka buɗe ƙofar makaranta ga kowa, a shekarar aka ƙarasa zare haƙoran mutumin da a da yake kai yaro makaranta. Akwai hujjoji masu ƙarfi na rage wa En'e iko, kuma waɗanda suka ɗanɗani zaluncinta ba su yi kukan rabuwa da ita ba. Amma ba a ɗora wa kowa aikin da ta bari ba.

Sai a 2004 nauyin ya sauka kan iyaye a rubuce. Dokar UBE ta wannan shekara ta ce wajibi ne kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya shiga firamare da ƙaramar sakandare ya kuma kammala, shekara tara ke nan. Wanda ya saɓa, a karon farko kotu ta ja masa kunne. A karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyu, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu ko duka biyu. Lokacin da aka rubuta wannan, mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 5,500 ne, don haka tarar tana da ciwo. Yau da albashin ya kai 70,000, dubu biyu ba ta wuce cinikin yini guda na yarinya mai talla ba. Dokar ta kuma tanadi tarar da ta kai naira 10,000 ko ɗaurin wata uku ga duk wanda ya karɓi kuɗi a makarantar gwamnati kan abin da aka ce kyauta ne, sashen da iyayen da ake tambaya kuɗin jarrabawa da na alli ba su cika jin labarinsa ba.

Akwai gibi biyu a nan. Na farko, dokar ba ta samar da jami'in da aikinsa shi ne gano yaron da ba ya zuwa ya kai ƙara ba. Shugaban makaranta yana ganin rajista amma ba shi da ikon kama kowa, ɗan sanda yana da ikon amma ba ya ganin rajista, yaron da ba a taɓa rubutawa ba kuwa ba ya cikin littafin kowa. Shi ya sa da wuya a ji an gurfanar da uba a kotun majistare kan wannan laifi. Na biyu ya fi shafar Sakkwato. Uban da ya kai ɗansa makarantar allo a Mabera ko Gagi bai ɗauki kansa mai hana karatu ba, a ganinsa ya sauke farillar da Shehu ya yi magana a kai. Dokar ta ambaci almajirai cikin rukunan da shirin ya kamata ya kai gare su, ba tare da ta fayyace ko karatun allo kaɗai ya wadatar ba. Makarantar almajirai ta zamani da Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe a Gagi cikin Afrilun 2012 yunƙuri ne na ɗinke wannan ɓaraka da gini maimakon sammaci.

Ita kanta gwamnati ba ta tsira daga tuhuma ba. Sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora mata samar da ilimin firamare kyauta kuma dole, amma ya ce sai lokacin da hali ya yi, kuma yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa. A 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa dokar 2004 ta mayar da wannan alkawari haƙƙin da za a iya nema a kotu. Ke nan uban da aka tuhuma yana iya tambayar ina ajin, ina malamin, kuma tambayarsa tana da gindi a shari'a.

A Sakkwato, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a ƙarshen 2015, ta kafa kwamitin tuntuɓa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, a Nuwamban 2021 kuma aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin yara ta jihar, shekara goma sha takwas bayan ta tarayya. Sa Sarkin Musulmi a gaba amincewa ce da abin da tarihi ya nuna, cewa uban ƙasa da mai unguwa ne har yanzu suka san gidan da ke da yaro. Bambancin shi ne yanzu da lallashi suke zuwa, ba da dogari ba. An kuma gwada wata hanya da ta juya lissafin tara baki ɗaya. Tsakanin 2014 da 2016, a wani shiri da asusun UNICEF ya tallafa a jihohin Sakkwato da Neja, an riƙa ba iyayen 'yan mata naira 5,000 duk bayan wata uku kan kowace yarinya, don a rage musu asarar kuɗin talla. Adadin ya zo daidai da tarar da dokar 2004 ta yanka wa uban da aka kama karo na uku.