Manomin Birnin Kudu Da Lissafin Sama

A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa da ke Birnin Kudu akwai zanen shanu da mutanen da suka riga mu zama a wannan ƙasa suka bari. Da yawa daga cikin shanun ba su da tozo, wato ba irin waɗanda Fulani ke kiwo yau a dazukan Gwaram ba ne. Tun da Bernard Fagg ya yi rubutu a kan waɗannan duwatsu a shekarun 1950 masana ke zuwa kallonsu. Shanun sun canza, masu mulkin garin sun canza, amma tambayar da ke hana makiyayi da manomi barci tana nan yadda take: yaushe ruwa zai sauka, kuma yaushe zai ɗauke? Amsarta a sama take. Saboda haka duk wanda zai yi hukunci a kan kuɗin da ake kashewa wajen binciken sararin samaniya, ya kamata ya fara sanin cewa a ƙasar Hausa duban sama tsohuwar sana'a ce, kuma talaka ne ya fi kowa cin moriyarta.

Kafin kalandar Bature ta shigo, da taurari manomi yake auna shekararsa. Malaman hisabi sun raba shekara zuwa taurari 28, kowane yana ɗaukar kwana 13, ɗaya daga ciki kwana 14, jimla kwana 365. Bazara da damina da kaka da hunturu, kowanne yana da bakwai. Na damina su ne aka fi ji a bakin dattawa: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Sunayen daga Larabci suka zo ta hanyar littattafan malamai, amma aikin da suke yi na gona ne. Watan Musulunci yana zagayawa, azumi ya faɗo yau a damina, bayan wasu shekaru ya faɗo a hunturu, don haka ba ya gaya wa mutum lokacin shuka. Lissafin taurari kuwa yana tafiya da rana, shi ya sa da shi ake gane ko ruwan da ya sauka na shuka ne ko na yaudara, ko lokacin binne ya yi, ko maiwa da wake za su samu isasshen lokaci su nuna. Wanda bai yi karatu ba ma yana da nasa sani. Ya san Kaza da 'ya'yanta, ya san Zara matar wata, fatake kuma da fitowar Gamzaki suke ɗaura wa jakuna kaya.

Wannan ilimi jama'a ce ta ɗauki nauyinsa. Malamin da ke zaune yana ƙirga kwanakin Nasara da Ɗarfa ba ya yini a gona kamar kowa, da damin gero da dawa da ake kai masa bayan girbi yake rayuwa. Al'ummar da ba ta da asibiti ko kwalta, wadda fari ɗaya ke iya tarwatsa ta, ita ce ta ga ya dace ta ciyar da mai duban sama, domin ta san kuskuren mako biyu a lokacin shuka yana iya cinye iri da abincin shekara. Daga cikin wannan al'ada aka samu manyan masana irin su Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741. Malamai sun daɗe da bambance tsakanin ƙirga taurari don sanin lokaci da alƙibla, wanda suka yarda da shi, da da'awar sanin gaibu, wadda suka yi hani da ita. Aikin tauraron ɗan adam na yau a sahun farko yake, awo ne da lissafi.

Zamanin kumbo ma bai wuce wannan yanki a nesa ba. Lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke gundumomi a masarautar Kano, hukumar NASA ta Amurka ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, ɗaya daga cikin tashoshin da ta jera a faɗin duniya don shirin Mercury. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya zagaya duniya sau uku, kuma da ya ratsa ta saman Afirka ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, suka tabbatar masa an yi kwanaki ana iska mai ƙarfi. Ƙurar hunturun da ke busar wa mutanen Birnin Kudu leɓe ce mutum ya gani daga sama. Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 23 ga Agusta 1963, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi magana ta waya da Shugaba Kennedy ta tauraron Syncom 2, karon farko da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya.

Abin da ya nuna amfanin wannan sabon ido shi ne bala'i. Farin da ya kai ƙololuwa a 1973, da wanda ya biyo baya a 1984, sun kashe dabbobi sun kori mutane daga garuruwansu a Arewa da Nijar. Lissafin taurari yana faɗin lokacin da ruwa ya saba zuwa, amma ba shi da hanyar sanin cewa bana ba zai zo ba. Saboda wannan gibi aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974. Turai kuma ta harba tauraron Meteosat na farko a 1977, wanda ya tsaya a saman Tekun Gini yana ɗaukar hoton gajimaren Afirka ta Yamma dare da rana, sannan a 1985 aka fara tsarin gargaɗin yunwa na FEWS, mai auna koren ciyawa da amfanin gona daga sama. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk shekara, mai faɗin lokacin saukar ruwa da tsawonsa a kowace jiha, da irin waɗannan bayanai ake haɗa shi. Aikin malamin hisabi ne aka ci gaba da yi, da kayan awo da shi bai samu ba.

Masu adawa suna da hujja mai nauyi. Za su ce a damunar 2021 ruwa ya karya gadar Raɗabi a ƙaramar hukumar Gwaram aka rasa rayuka, a 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a faɗin Jigawa, ga yara babu makaranta, ga masu jinya na sayar da akuya don sayen magani, da wane ido za a kalli sama? Sai dai idan aka auna, tauraron NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha ranar 27 ga Satumba 2003 kuɗinsa wajen dala miliyan 13 ne, abin da ba zai shimfiɗa kwalta daga Birnin Kudu zuwa Kano ba. Ba shi ya hana gyaran gada ba, kuma da an fasa shi ba a gadar kuɗin za su ƙare ba. Hasali ma mai son gada ta daɗe yana bukatar sanin yawan ruwan da ke gangarowa daga tuddan Bauchi da inda yake bi, mai son kwashe mutane kafin ambaliya yana bukatar gargaɗin kwanaki, kuma hoton sama ne hanya mafi arha ta samun duka biyun.

Hujja ta biyu ita ce asara. NigComSat-1 da aka harba daga Sin a Mayun 2007 ya mutu a Nuwamban 2008, sai a Disamban 2011 aka maye gurbinsa. Wasu na ganin gara a riƙa karɓar hotuna daga Turai da Amurka, tunda da yawansu kyauta ne. Lallai a karɓa, a kuma yi amfani da su. Amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma hoton da babu ɗan ƙasa mai iya karanta shi ba ya hana yunwa. Babbar ribar shirin hukumar NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ita ce mutanen da ta horar. Injiniyoyin Najeriya da suka koyi aiki a Ingila su ne suka haɗa NigeriaSat-X da aka harba a Agustan 2011 tare da NigeriaSat-2. Manomin da shukarsa ta ƙone a fari ba ya daina noma, sake iri yake yi ya gyara lissafi.

Inda ya kamata a tsananta wa hukuma shi ne wajen isar da saƙo. Darajar tsohon lissafi ita ce yana zaune a cikin gari: malamin yana zaure, manomi ya tambaye shi bayan sallar asuba, ya samu amsa da harshensa. Sabon lissafin ya fi shi kaifi nesa ba kusa ba, amma sau da yawa a Abuja yake tsayawa, cikin rahoton Turanci. Idan za a ware kuɗin harba tauraro, a ware na malamin gona da zai fassara hasashen a kasuwar Birnin Kudu, da na shirin rediyo, da na saƙon waya da Hausa da Fulatanci, da na koyar da ɗaliban Kwalejin Gwamnati ta garin yadda ake karanta hoton gonakin iyayensu. Kakanninmu sun ciyar da mai duban sama ne bisa sharaɗin ya gaya musu ranar shuka, kuma wannan sharaɗin ne ya kamata jikokinsu su gindaya wa duk wanda ya nemi kuɗin tauraro.