Bugun ƙasa

Bugun ƙasa wata hanya ce ta duba da ake yi ta hanyar ɗiga alamomi a kan yashi, sannan a fassara siffofin da suka fito. Da Larabci ana kiransa ilmur ramli ko khaɗɗur ramli, wato zanen yashi. A ƙasar Hausa, har da garuruwan Zamfara irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun, ana kiran mai yin sa malamin duba ko ɗan duba. Galibi ana zuwa wurinsa ne a kan aure, fatauci, tafiya, ciwo ko ɓatan dabba.

Asali

Masu wannan sana'a suna jingina ta ga Annabi Idrisu, amma littafin da suka fi dogara da shi na Muhammad al-Zanati ne, wani malamin Arewacin Afirka na wajen ƙarni na 13. Turawa sun same ta ne daga fassarar littattafan Larabci a ƙarni na 12. Sikidi na Madagaska danginta ne, kuma Ifa na Yarbawa ma yana da manyan siffofi 16.

Yadda ake yi

Mai duba yakan baje yashi a faifai ko a ƙasa, ya ɗiga layuka 16 ba tare da ƙirgawa ba. Sai ya riƙa share ɗigon kowane layi bibbiyu har ɗaya ko biyu su rage. Kowane layi huɗu suna ba da siffa guda, don haka ana samun siffofi huɗu da ake kira uwaye. Daga uwaye ake fitar da 'ya'ya huɗu, sai jikoki huɗu, sai shaidu biyu, sai alƙali, wanda shi ne amsar tambaya. Sunayen siffofin na Larabci ne, kamar Ɗariƙ, Jama'a, Humra da Bayad. Abin lura shi ne, lissafin ba ya barin jimillar ɗigon alƙali ta zama mara, saboda haka siffofi 8 kaɗai cikin 16 ke iya zama a gurbinsa. Amsa takwas ba za ta wadaci dukan matsalolin mutane ba; sauran bayanin daga bakin mai duba yake fitowa, bayan ya saurari wanda ya zo.

Matsayinsa a Musulunci

Mafi yawan malamai sun haramta shi, domin da'awar sanin gaibu ce. A Sahihu Muslim akwai hadisin da ya nuna ba a karɓar sallar dare arba'in ga wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi a Zamfara daga wajen 1786, ya soki masu zanen yashi a littafinsa Nurul Albab. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta ci gaba da wannan suka. Wasu masu duba kan kira aikinsu istihara, alhali istihara ta sunna salla ce raka'a biyu da addu'a, mutum ke yi da kansa.

Kwatanci da katin taro

Taro katin wasa ne da ya samo asali a Italiya a ƙarni na 15, guda 78, kuma sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka fara duba da shi a Faransa. A yau wasu a Turai da Amurka sun daina neman gaibu a cikinsa, suna ɗaukar hoton kati a matsayin abin da zai sa mutum ya binciki zuciyarsa. Akwai masu karanta shi da koyarwar Buddha: katin Mutuwa, alal misali, su ce yana tunatar da cewa babu abin da ke dawwama, katin Shaiɗan kuma su danganta shi da kwaɗayin da ke jawo wahala. Sai dai tsofaffin nassoshin addinin Buddha, kamar Brahmajala Sutta, sun lissafa duba cikin ƙasƙantattun hanyoyin neman abinci da ba su dace da mai zuhudu ba.