Suna Ɗaya, Gari Biyu

Wanda ya fara karanta labarun ƙasar Hausa na dā, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da abin da zai ɗaure masa kai. Zai ga an ce Sarkin Katsina ya tara mayaƙa ya kawo wa Katsina hari, ko kuwa Sarkin Zazzau ya hana mutanen Zazzau shiga ƙasarsa. Sai ya yi zaton mai rubutu ne ya yi kuskure. Amma ba kuskure ba ne. A zamanin nan akwai Katsina biyu, akwai kuma Zazzau biyu.

Asalin abin shi ne jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka fara cikin 1804. Da masu tuta suka ci manyan birane, sarakunan Haɓe suka fita da waɗanda suka bi su. Sun bar ganuwa da gidan sarauta, amma ba su bar suna ba. Inda duk suka sauka sai su naɗa Galadima da sauran sarakunan fada kamar dā, su ci gaba da amsa sunan sarautar garin da suka baro. Gama a wurinsu wanda ya saki suna ya saki gadon kakanninsa ke nan.

Haka Katsinawa suka yi. Bayan Umarun Dallaji ya zauna Birnin Katsina, sai Ɗan Kasawa ya kafa sarauta a Maraɗi, ana ce da shi Sarkin Katsina. Aka yi shekaru da yawa ana yaƙi tsakanin gidajen nan biyu. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa. Yanzu tana cikin Jamhuriyar Nijar, sarkinta kuwa har yau Sarkin Katsinar Maraɗi a ke ce masa.

Labarin Zazzau ya fi wannan ban mamaki. Da Malam Musa ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu zuwa ƙasar Gwari da Koro, ya sauka wajen Zuba. Cikin 1825 aka kashe shi a yaƙi kusa da Lapai. Ƙanensa Abubakar ya gaje shi. Shi kuwa mutum ne ja, saboda haka a kan kira shi Abu Ja. Cikin 1828 ya kafa gari ya kewaye shi da ganuwa, garin ya ci sunansa, watau Abuja. Fulani ba su taɓa cin garin nan ba har zuwan Turawa.

To, cikin 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birnin Nijeriya a tsakiyar ƙasa, kusa da wannan tsohon gari. Sabon birni ya ɗauki sunan Abuja. Tsohon gari kuma aka sake masa suna Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda ke bisa gado a lokacin. Gwamnati ta ƙaura daga Ikko zuwa sabuwar Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Ga shi kuwa, garin da ya ba da sunansa bai ba da sarautarsa ba, gama har gobe Sarkin Zazzau Suleja a ke kiran sarkinsa.

Saboda haka wanda ya karanta cewa Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira ashirin, ta yi ginin tukwane a Abuja cikin shekarun 1950, kada ya nemi wurin a babban birni. Suleja a ke nufi. Ya kamata mai karatu, in ya ga sunan gari cikin littafi, ya tambayi abu biyu: a wace shekara a ke magana, kuma wane ne ke sarauta a lokacin. In ya san waɗannan, ba zai ɗora wa wani gari labarin wani ba.