Kogin Kwara a Ƙasar Bagudo: Mashigin Fatake da Ya Zama Iyaka

Kafin a shata iyaka tsakanin Najeriya da Benin, Kogin Kwara ne babbar hanyar mutanen ƙasar Bagudo. Daga tsaunukan Gini yake tasowa, ya ratsa Mali da Nijar, ya raba Nijar da Benin, sannan ya faɗo Najeriya ta wajen Lolo, a tafiyarsa ta kusan kilomita 4,180 zuwa teku. A wannan yanki ne Gulbin Kabi yake zuba a cikinsa. Ambaliyar Kwara ke jiƙa fadamun da manoman ƙaramar hukumar Bagudo, har da na Sharabi da Kwanguwai, suke alfahari da shinkafarsu.

Garin Illo ya yi suna ne saboda mashigi. Fataken Kano da Sakkwato masu zuwa Gwanja sukan yada zango a bakin ruwa da kanwa da tufafi, masu kwale-kwale su fitar da su da jakunansu zuwa Giris, tashar Illo, su nausa cikin ƙasar Bargu. In sun juyo, goro suke ɗauke da shi. Kuɗin fito da harajin ayari suka riƙe sarautar garin, Sarkawa kuwa suna ta kamun kifi.

Wannan arziki ya ja idon Turawa. A 1894 Lugard ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki ta ƙasar Bargu don ƙulla yarjejeniya da sarkinta, rikicin bai lafa ba sai 14 ga Yunin 1898, da Ingila da Faransa suka sa hannu a Faris. Daga tsakiyar Giris aka auna mil 10 zuwa saman kogi, aka ce nan iyaka ta fara. Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka zauna wa Ingila. Ba a jima ba aka cire Illo daga Bargu aka haɗa ta da masarautar Gwandu.

Jirgin ƙasa da mota suka kashe ayari. Madatsar Kainji ta 1968 ta sauya cikar ruwa da janyewarsa, gadar Tuga ta rage wa masu fito ciniki. Yau manyan motoci ke bi ta Tsamiya da Lolo. Da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakoki a Agustan 2019, kasuwannin bakin iyaka sun ji jiki, domin Dandawa da Kyangawan ɓangarorin biyu dangin juna ne, aure da ciniki sun haɗa su tun kafin a auna mil goman nan.