Kukan Jariri da Dokar Diwani: Shayarwa a Zamanin Halifa Umar

Tun kafin a kafa baitulmali a Madina, Alƙur'ani ya riga ya shata iyakar shayarwa. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta sanya shekara biyu cikakku ga wanda yake nufin cika ta, ta ɗora ci da tufatar mai shayarwa a kan mahaifi, ta kuma rataya yaye kafin lokacin a kan yarda da shawarar iyayen biyu. Sai dai hukunci yana iya tabbata a nassi, talauci kuma ya hana mutane aiki da shi. Haka ta faru a halifancin Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya jagoranci al'umma daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira.

Da dukiyar Iraƙi da Sham da Farisa ta yawaita, sai Umar ya kafa diwani, wato rajistar da ake rubuta sunayen Musulmi da kason kowa na shekara. A tsarin farko, yaro ba ya shiga rajistar sai an yaye shi. Dalilin a fili yake: mai shan nono abincinsa yana jikin mahaifiyarsa.

Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230, ya ruwaito a cikin Aɗ-Ɗabaƙat cewa wani ayarin fatake ya sauka a Madina, Umar da Abdurrahman ɗan Aufu suka kwana suna gadinsa. Cikin dare Umar ya yi ta jin kukan wani jariri, har ya je wurin mahaifiyar fiye da sau ɗaya yana yi mata nasiha. Da ya matsa, ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta bayyana masa cewa yaye take tilasta wa yaron, domin Umar ba ya yanka kaso sai ga yayayye. Yaron kuwa 'yan watanni ne gare shi.

Ruwayar ta ce a sallar Asuba kuka ya rinjayi karatun Halifa, saboda tunanin 'ya'yan Musulmi da dokarsa ta cutar. Da ya sallame sai ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, domin daga ranar kowane abin haihuwa yana da kaso, aka kuma rubuta wa sauran garuruwa haka. Masu tarihi sun ambaci dirhami 100 ga jariri.

Abin lura shi ne Umar bai tsaya ga zargin matar ba. Ya gane cewa tsarinsa ne ya sa ta zaɓi tsakanin nonon ɗanta da abincin gidanta, sai ya gyara tsarin.

Fiƙihu ya bi wannan sawu. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora shayarwa a kan matar da ke cikin aure, sai in irinta ba ta shayarwa a al'ada, ta kuma ba wadda aka saka damar karɓar lada. Ke nan shayarwa haƙƙi ne na yaro, amma ɗaukar nauyinta ya rataya a wuyan uba da shugaba tare da uwa. Duk inda aka ga mata suna yaye da wuri, tambayar farko ita ce wace doka ko wane matsi ya kai su ga haka.